Bututun Zuberu Mai Tagogi

A unguwar Nima babu wanda zai ce bai san Zuberu ba, domin ko ba ka taɓa ganinsa ba, ka taɓa jinsa. Gyaran fanka da injin markaɗe yake yi a wani ɗan shago bakin kasuwa, amma allon da ke ƙofar cewa ya yi Injiniya Zuberu, kuma shi ya rubuta da hannunsa. Ka kai masa fanka mai ƙara, zai dawo maka da ita shiru, don ta daina juyawa gaba ɗaya. Ka yi magana, ya ce ai ƙara ka kawo kuka a kai.

Babban ciwonsa makara ce. Ranar ɗaurin aurensa da Rafi'atu, sai da aka shafa fatiha, aka raba goro, aka fara naɗe tabarmi, sannan ango ya ɓullo yana tambaya ko an fara. Surukinsa Alhaji Tijani, mai fataucin goro a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, bai ce masa uffan ba a ranar. Mutum ne da ba ya yawan magana, kuma ba ya mantuwa.

In ka tambayi Zuberu, laifin ba nasa ba ne. Gaisuwa ce ta hana Nima ci gaba. Daga gidansa zuwa gidan surukinsa tafiya ce da tsohuwa ke yi da ƙwaryar fura a ka ba ta huta ba, amma lungu-lungu ne, kuma kowace ƙofa akwai wanda ya san uwarka. Wannan gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne, in an ce masa ina kwana, shi ke tsayawa ya bayyana yadda ya kwana, da dalilin da ya sa gwamnati ba ta kwana da kyau ba.

Da cikin Rafi'atu ya tsufa, ta koma gidan iyayenta haihuwar fari kamar yadda aka saba, sai Zuberu ya samu fili. A wannan zaman ne ya ga wani bidiyo a waya, ya shigo rumfar Imoro mai shayi, inda muke zaune, yana huci kamar an biyo shi.

"Ku jama'a, an gama da jirgin ƙasa!" in ji shi.

Imoro ya ci gaba da sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. "Wa ya kashe shi?"

"Ilimi. Turawa suna so su yi bututu, dogo, daga gari zuwa gari. A zuƙe iskar ciki kakaf. A sa mutum a ciki, a rufe. Kafin ka ce amin ka isa. Babu dogo, babu tasha, babu cunkoson torotoro, motocin hayar nan. Iska ce abokiyar gabar gudu. Ka cire iska, ka cire wahala."

"To mutum na ciki, me zai shaƙa?"

"Kafin ya nemi numfashi ya isa."

"Sun yi ne, ko suna so su yi?"

"Suna ta magana, suna ta zane. Shi ya sa zan riga su. Nima zuwa Maamobi tukuna. Daga nan Kotobabi, Niwtawun, Kokomlemle. In Allah ya yarda, Kumasi."

"Cale, abokina," in ji Imoro, "fanka na da ka karɓa tun azumi, shi ma bai isa gida ba."

"Kai matsalarka ƙaramin tunani. Abin da ya fi burge ni, a cikin bututu babu mai ganinka. Babu ina kwana, babu ina gajiya, babu yaya masu gida. Ka shiga, fiu, ka fita."

Muka yi dariya muka watse, muna zaton zancen zai mutu kamar na injin dakan fufu da ya taɓa ƙirƙira, wanda ya daki yatsan Imoro ya bar rogo lafiya. Ashe wannan karon da gaske yake.

Gangunan ruwa ya nema, shuɗɗan nan na roba da kowane gida ke tara ruwa a ciki. Ya bi mata gida-gida, yana cewa duk wadda ta ba da ganga, ita da zuriyarta za su hau jirgi kyauta har abada. Bai ce musu zai yanke gindin gangar ba. Zuera mai koko ce ta fara ganowa, da ta zo ta tarar da tata an huda ta gaba da baya, an ɗaure ta da ta maƙwabciya da robar taya da kwalta.

"Ei, Zuberu! Ganga na! Ka cire gindin shi?"

"Yaya Zuera, gangarki ta shiga tarihi."

"Tarihi yana riƙe ruwa?"

"Jikokinki za su yi alfahari."

"Jikoki na za su yi wanka da alfahari, ko?"

Haka bututu ya miƙe, shuɗi, yana lanƙwasa cikin lungu kamar hanjin rago, ya haura kan babbar kwata, ya nufi Maamobi. A can ƙarshen, jikin katangar Alhaji Tijani, ya haɗa tsofaffin injinan shara masu zuƙar ƙura da ya tsinto a wurin 'yan gwanjo, ya ɗaure bakunansu wuri guda. Jirgin kansa kuwa katako ne da ya kwance daga benci, ya sa masa ƙafafun keken jarirai, da murfin tukunyar tuwo a wajen ƙafa don ya toshe iska.

Gwajin farko da faranti cike da ƙosai ya yi. Faranti ya shiga, ya tsaya a tsakiya, kyanwar Zuera ta bi shi, ba ta fito ba sai da ta ƙoshi. Gwaji na biyu ya haɗa waya a juye, injin ya huro maimakon ya zuƙa, ƙurar da ke cikinsa tun daga ƙasar Turawa ta fito ta rufe shanyar amaryar wani tela. Zuberu ya ce wannan ya tabbatar da ƙarfin injin.

Ana cikin haka Hajiya Amama ta aika a kira shi. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, aminiyar mahaifiyarsa marigayiya Ruhaina, tare suka yi tallan koko suna 'yanmata. Ƙofarta tana daidai kwanar da bututu ya lanƙwasa kafin ya hau kwata. Ya tarar da ita zaune a kan kujerarta, ta dogara sanda a kan bututun.

"Ɗan Ruhaina, an ce ta nan za ka riƙa wucewa."

"E, Mma Hajiya. Kamar walƙiya."

"Ta ƙofata."

"Ta ƙofarki."

"Ba ka gaishe ni ba."

Zuberu ya gyara tsayuwa ya fara bayanin iska. Ya yi bayanin matsi, ya yi bayanin zuƙa, ya zana a ƙasa da tsinke. Ta saurare shi har ya gama.

"Na ji," in ji ta. "Ni na yi maka wankan farko. Ka huda taga a nan, daidai kujerata, ko kuma ka ɗauke hanjinka daga ƙofata."

"Mma, in aka huda, iska za ta shiga."

"Ta shiga mana. Ita ma baƙuwa ce."

A Nima ba a ce wa wadda ta yi maka wankan farko a'a. Ya huda taga, 'yar ƙarama, ya yi mata marfi da robar taya, ya roƙe ta ta riƙa barinta a rufe. Kafin la'asar labari ya zaga. Ladanin masallacin lungu ya ce shi da yake tashin mutane sallah ba zai zauna ana wuce shi a ɓoye ba. Mai unguwa ya ce ba ya neman komai, sai dai tagarsa ta fi ta ladan girma. Zuera ta ce ganga tata ce, in ba ta da gindi to ta samu taga. Wata tsohuwa da ba ta ko gani ta ce a huda mata don ta ji motsi. Duk wanda Zuberu ya yi yunƙurin hanawa, tambaya ɗaya ce: "Da me wane ya fi ni?"

Imoro ya bi bututun daga farko har ƙarshe yana leƙawa. "Injiniya, wannan ba jirgi ba ne. Sarewa ne."

"Marfi na nan. In kowa ya rufe, shi ke nan."

"Ka taɓa ganin mutumin Nima ya rufe taga ana abu a waje?"

Sai ga albishir daga Maamobi: Rafi'atu ta sauka lafiya, an samu mace.

A nan dole in faɗi gaskiya a kan Zuberu, ko da yake ba na son yabonsa. Da aka gaya masa, bai yi surutu ba. Zama ya yi a bencin Imoro, ya ce, "Ruhaina zan sa mata." Mahaifiyarsa ta rasu bai yi aure ba, kullum tana cewa ba za ta ga jikanta ba saboda shiriritarsa, kuma haka aka yi. A wurinmu, yarinyar da ta ci sunan uwarka ba ka kiran sunanta, Mma kake ce mata, wato uwa. "Ina so in shiga gida in ce Mma, a amsa," in ji shi. Ban taɓa jin ya faɗi magana gajeriya haka ba, kuma ta taɓa ni.

Ya je barka, ya makara, ya tarar Alhaji Tijani yana shirin tashi. Ya durƙusa.

"Baba, barka da arziki."

"Barka dai. Zuberu, saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ranar suna, da hantsi ya fara, malam zai zauna. Uban yarinya shi ke faɗa wa malam suna a kunne. In an waiwaya babu uba, akwai kaka. Ni ma ina da uwa, sunanta Mardiya."

"Baba, ai ko ta waya..."

"Sunan ɗiya ba katin waya ba ne da za a turo. Daga bakinka zan ji shi, a gaban jama'a."

Rafi'atu ta sa aka kira shi soro. Tana riƙe da jaririya, idonta ya faɗa.

"Don Allah, maigida, ka kwana a Maamobi ranar, gidan ƙanin Baba. Ko ka yi asuba ka taho da ƙafa. Ka san halin Baba."

"Da ƙafa? Uban yarinya? Ranar nan zan buɗe jirgi. Za su ga na fito daga bututu a gaban malam, fari tas. Yarinyar nan za ta girma tana jin labari."

"Labarin ne nake tsoro," in ji ta.

Ranar suna ta zo. Zuberu ya fito cikin babbar riga ta shadda, an dama mata sitaci har tana tsayuwa da kanta, da hula ja sabuwa. Duk lungu ya taru a bakin bututu, kuma kowa da abu a hannu. Abin da injiniya ya manta ke nan: a Nima ba a barin mai tafiya ya tafi hannu sake.

"Tunda kai za ka riga mu isa, riƙe wannan sabulu na mai jego."

"Ga atamfa."

"Ga kaza, kada ka danne shi."

"Ku jama'a, jirgin mutum ɗaya ne!"

"Kaza mutum ne?" in ji Zuera.

Matar mai unguwa ta miƙo kwanon tuwo da miyar kuka. Ya buɗe baki zai ƙi, ta dube shi, ya rufe. Ya kwanta a kan katako, kai gaba. Aka jera masa sabulu a ƙirji, atamfa a ciki, tuwo tsakanin gwiwoyi, kaza a hammata. Aka cusa shi kamar ana ɗura buhu. Rigar ta ƙi shiga, sai da mutum biyu suka tura ta da hannu.

"Imoro, buga waya Maamobi, a kunna!"

Aka kunna. Daga nesa muka ji injuna sun ɗauki kuka. Muka jira fiu. Zuberu na nan, ƙafafunsa a waje.

"Ku rufe tagogi!" ya yi ihu daga ciki.

Wa zai rufe? Tun asuba kowa ya ɗage marfinsa ya sa kujera, yana jiran ya ga wucewar walƙiya. Injuna suka yi ta aikinsu tsakani da Allah: suka zuƙe carbin ladan, suka zuƙe ɗankwalin wata mata, suka zuƙe garin kokon Zuera rabin kwano. Fasinja kaɗai suka bari.

"A ɗan tura ni kaɗan, injin ya kama!"

Imoro ya samo gorar da ake tokare igiyar shanya, ya dafa murfin tukunya, muka tura. Jirgi ya gangara, ƙiii, ya tafi tsawon tabarma biyu ya tsaya. Daidai tagar ladan.

"Salamu alaikum, Injiniya! Ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam, ina sauri..."

"Ina gajiya? Yaya mai jego? Yaya baƙuwa? Ka ga carbi na ya wuce?"

"Yana gaba."

"To in ka riske shi ka riƙe mini. Ga dabino, a kai wa malam."

Gora ta ƙare, ba ta kai ba. Daga nan Zuberu ya koma ja da gwiwar hannu, yana turawa da dunduniya. Tagar mai unguwa, da yake ita ce babba, har kai ya zuro ya yi masa nasiha a kan haƙƙin 'ya'ya mata. Tsohuwar da ba ta gani ta laluba fuskarsa ta ce ya rame. Kowace taga gaisuwa, kowace gaisuwa saƙo: goro, kwalbar turare, takalmin jariri, wani har da agwagwa, Allah ya taimaka ba ta shiga ba. Kaza ta gaji da hammata ta koma wuyansa. Shi kuwa bai fasa ba, yana amsa gaisuwa yana ihu a rufe tagogi, yana sanar da masu kallo cewa wannan gudun gwaji ne, na gaske yana gaba.

A kwanar Hajiya Amama jirgi ya ƙare tafiyarsa. Katako miƙaƙƙe ne, kwana kuwa lanƙwasasshiya, abin da injiniya bai taɓa aunawa ba. Hancin katako ya kafe a gaba, murfin tukunya ya kafe a baya, rigar sitaci ta sha gumi ta kumbura ta cike sauran wurin. Fuskarsa ta tsaya daidai 'yar tagar.

"Ɗan Ruhaina," in ji Hajiya, "ka ga amfanin taga. Ina kwana?"

Aka taru. Aka zura igiya aka ɗaura a ƙafarsa aka ja, takalmi ya fito. Aka narka man kaɗe aka ɗura ta taga, kaza ta yi santsi ta tsere ta baya, tuwo ya kife, Zuberu na nan. Wani ya ce a jijjiga, aka jijjiga, miyar kuka ta gangaro masa har ƙeya.

Imoro ya dubi rana, ta fara hawa katanga. Ya durƙusa bakin taga, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Zuberu, ga zarto. Mu yanka gangar nan, ka fito, ka wanke fuska, mu tafi da ƙafa. Za mu samu malam."

"Ka yanka me?"

"Ganga."

"Ka taɓa jin an yanka jirgi saboda ya tsaya a tasha? Ku dai ku rufe tagogi, ku ga ikon Allah!"

"Cale, suna fa."

"Na ce kada wanda ya taɓa mini bututu! In na fito da ƙafa, me zan ce wa Alhaji? Ku tafi! Ku tafi, za ku tarar da ni can ina jiranku!"

To, mutum ya ce ka tafi, kuma ana rabon waina a Maamobi. Muka tafi. Kowa ya biyo ta tagar ya ce, "Sai ka iso, Injiniya." Imoro ya tafi da zartonsa a hammata don haushi. Zuera ta tsaya ta ce masa ya kula da gangarta. Muka bi lungu, muka gaisa da duk wanda ya kamata, muka haura kwata, muka isa, har muka samu tabarmar gaba.

Sauran abin da ya faru a kwana, Hajiya Amama ce ta ba mu labari, don ita kaɗai gwiwa ta hana tafiya. Ta ce da lungu ya yi tsit, sai ya fara kiran Imoro. Daga baya ya ce a yanka. Daga baya ya ce don Allah a yanka. Ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa ta yi ta goga wa roba, ko alama. Sai ya koma kwala sunan uwarsa cikin bututu, yana yi yana ƙarawa, wai ko za a ji a Maamobi. Injuna na ruri, wa zai ji?

Amma fa da jama'a suka watse, marafan roba suka faɗa da kansu, tagogi suka rufe. A karon farko bututun Zuberu ya yi abin da aka gina shi don ya yi.

Muna zaune, malam ya gyara rawani, rago na ɗaure, sai muka ji wani abu ya taho, fiu. Bakin injin ya ɓalle, jar hula ta yi tsalle ta faɗo a tsakiyar tabarma, gaban Alhaji Tijani, da ɗan gashin kaza a jikinta. Carbin ladan ya biyo baya.

Wuri ya ɓarke da dariya. Har malam sai da ya rufe baki da hannun riga.

"Jirgi ya iso!" in ji Imoro. "Fasinja ne bai iso ba."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ɗauki hular, ya kakkaɓe, ya ajiye a inda uban yarinya ya kamata ya zauna. "A kashe wannan abin," in ji shi. Aka kashe. Ya dubi rana, ya dubi ƙofar gida, inda ake jiyo Rafi'atu tana cewa, "Baba, don Allah, kaɗan." Ya jira, kuma ya jira fiye da yadda kowa ya zata, har masu zuwa kasuwa suka fara gyara zama. Sannan ya yi abin da ban taɓa tsammani ba. Dattijon nan ya tashi, ya tattare riga, ya durƙusa a bakin bututu.

"Zuberu! Na ce daga bakinka zan ji. Ga ni, ga jama'a. Faɗi sunan ɗiyarka."

Muka kasa kunne, duk da kowa a wurin ya san sunan. Bututu ya yi shiru. Sai wani ɗan huci ya fito, kamar iska na fita daga taya.

Hajiya Amama ta ce ya ji kiran sarai, kamar a kunnensa aka yi. Ya buɗe baki. Mutumin da ya shekara yana cika Nima da magana, ya ƙarar da muryarsa a kan gaisuwa da ihun a rufe tagogi da kiran da babu mai ji. Ta ga leɓensa na motsi. Ta sa kunne a taga ta ji yana cewa Ruhaina, Ruhaina, a hankali kamar mai addu'a. Ta yi ƙoƙarin ɗaga tata muryar, to muryar tsohuwa ce, ko kwata ba ta haura ba.

Alhaji ya sake kira. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya sunkuya kunnen malam. Aka yi addu'a, aka shafa, aka kayar da rago. Maroƙi ya ɗauki lasifika, kuma don neman magana ya kafa ta a bakin bututu.

"Sunan yarinya Mardiya! Allah ya raya Mardiya!"

Aka fito da jaririya aka miƙa wa kakanta. Alhajin nan mai ɗaure fuska ya karɓe ta, ya ce, "Mma, kin dawo? Sannu da zuwa, Mma." Lasifika na kusa, ta ɗauka. Wannan ma bututu ya kai shi Nima nan take, bai zubar da ko kalma ɗaya a hanya ba.

Da muka dawo da zarto, ɗauke da naman suna, mun zaci za mu tarar da bayani a kan gudun sauti. Imoro ma ya shirya amsa tun daga hanya. Muka tarar da Zuberu kwance, miya ta bushe a kunnensa, idonsa a buɗe yana kallon shuɗiyar roba. Imoro ya haɗiye amsarsa ya fara yanka.

Hajiya Amama ta jawo kujerarta kusa, ta ɗage marfin tagar da sandarta. Tun yana zanen goyo ɗan Ruhaina take ce masa. Ta sunkuya ta leƙa.

"Baban Mardiya," in ji ta, "barka da suna."

Bai motsa ba.

"Ana gaishe ka. Ka amsa mana, yanzu ai ba sauri kake yi ba."

Leɓensa ya motsa. Sai da muka sunkuya duka sannan muka ji.

"Barka kadai, Mma."